Gemun Baba a Kan Baƙar Riga

Ranar da Baba ya ce zai ba Mai Rola akwatin buroshinsa, 'Yar Baba tana tsakiyar kurɓar shayi, saura ƙiris ta ƙware.

"Wa ka ce za ka ba?"

"Mijin ƙanwarki mana," in ji Baba, hankalinsa kwance. "Shi kaɗai ya rage a gidan nan da yake taɓa fenti da hannunsa."

Shekara arba'in Baba ya yi yana rubuta allunan shaguna da hannu. Kemis ne, shagon aski ne, na tela ne, in dai allon ya haura shekara goma a unguwar, to ba sai ka tambaya ba, hannunsa ne. Shi ya sa har gobe ba wanda yake kiransa da wani suna sai Mai Allo. Daga baya injinan buga allon leda suka cika gari, hannunsa kuma ya fara rawa, sai ya wanke buroshinsa tas, ya jera su a akwati, ya tura ƙarƙashin gado. Akwatin katako ne mai ƙugiyar tagulla. Buroshi goma sha tara ne a ciki, kowanne da gurbinsa, akwai ma wani siriri da bai fi gashin ido kauri ba.

Shi kuwa Mai Rola, mutumin kirki ne, ba mai musun wannan. Fentin gidaje yake yi da rola, abin mirgina fenti a bango. Ka ba shi bango da bokiti, kafin la'asar ya shafe maka ɗaki uku yana fito. Amma ka ce ya zana maka kaza, wallahi abin da zai zano, kazar da kanta sai ta kai ƙara.

"Kai, Baba, na gode, Allah ya ƙara girma," Mai Rola ya ce yana murza hannu. "Waɗannan siraran za su yi min amfani sosai a lungun taga."

Lungun taga! Abin ya soki 'Yar Baba har cikin rai. Tun tana da shekara shida take bin Baba wurin aiki, tana tsaye a gindin tsani riƙe da gwangwanin fenti, daga nan ne ma ta samo wannan suna. Buroshin nan ta san su ɗaya bayan ɗaya kamar ƙannenta. Ta yi karatun zane, ga ta yanzu shekara tara tana aiki a shagon buga takardu, amma wai yau a gabanta za a miƙa su ga mai shafe bango.

"Baba, ni fa? Ni ba zane nake yi ba?"

"Uwata," ya ce, haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, "ke ai danne-danne kike yi. Na'ura ce ke zane, ke kina zaune kina ba ta umarni. Buroshi kuwa ba ya son zaman banza. Gara ya shiga lungun taga da ya ruɓe a ƙarƙashin gado."

Mama ta harare shi, Auta matar Mai Rola ta sunkuyar da kai, amma Baba in ya yanke magana ya yanke. Ya ce zai fito da su ya shafa musu mai, Asabar ɗin ƙarshen wata in an taru kamar yadda aka saba, sai ya danƙa akwatin a hannun surukinsa.

Washegari ta je aiki da kumburarren rai. Shagon nasu ɗaki biyu ne. A na gaba akwai kanta da injin yankan takarda da Oga, mai shagon, wanda ba ya rabo da biro a bayan kunne. A na ciki akwai firinta mai ƙugi kamar tsohuwar mota, da teburinta, da fankar da take juyawa in ta ga dama. Katin biki, kalanda, takardar talla, duk ta hannunta suke fita. Kuma maganar gaskiya, a shekara taran nan ba ta taɓa zana abin da ranta yake so ba. Kullum wani ne tsaye a kanta yana numfashi a wuyanta: "Ƙara girman sunana. Ƙara dai. Sa fure a nan. A'a, cire furen, sa tauraro." In ta tuna haka, sai ta ji maganar Baba ta ƙara yi mata zafi, don akwai ƙanshin gaskiya a ciki.

Da rana tana duba intanet ta ci karo da sanarwar wata gasa. Wani kamfanin buga rigunan tishat ne yake neman zane daga masu zane na ko'ina, taken gasar kuma "Mai Sana'a". Dokokin ba su da yawa. Launin tawada uku kacal. A turo zanen shi kaɗai, ba tare da farfajiyar da ke bayansa ba. In an tura an tura, ba gyara. Jama'a za su jefa ƙuri'a mako guda, goman farko za a buga nasu a kan riga, a rubuta sunan mai zanen a wuya, a aiko masa da samfuri.

Ta karanta sau biyu, ta ture katin bikin da take yi gefe. Ba ta ma tsaya tunanin wa za ta zana ba.

Kwana takwas ta yi a kai. Takan riga kowa zuwa shago, ta zana kafin Oga ya buɗe ƙofar gaba, ta zana lokacin cin abinci, cokali a hagu, alƙalamin allon zane a dama. Ba ta nemi hoto ba, daga ka ta ɗauko shi. Ta zana Baba kamar yadda take ganinsa daga gindin tsani: ya kanne idon hagu yana auna layi, na daman ya zama siriri, buroshi ɗaya a hannu, wani a bayan kunne, ɗan ƙaramin yatsansa a dogare da allo yana riƙe nauyin hannun. Sai dai ta ba shi fuskarsa ta yau, da farin gemunsa mai cika ƙirji da farar gira.

Ta yi lissafin launi kamar ƙwararriya. Rawaya na allon da ke bayansa, ruwan ƙasa na fuska da hannu, shuɗi na rigar aikinsa. Uku cif. Gemun kuwa ta bar shi fili, ba ta sa masa komai ba, kuma a kan kwamfutarta ya fito fari sol, gwanin sha'awa. Oga ya leƙo, ya cire biro daga kunne, ya mayar.

"Kai! Wannan ai Mai Allo ne zai yi magana. Tura kawai, 'yata."

Ta cire farfajiyar kamar yadda doka ta ce, ta tura da safe. Ta kira Auta ta ce in an sa zanen a shafin, ta yaɗa wa 'yan uwa su jefa ƙuri'a. Da azahar saƙo ya shigo cewa zanenta ya hau. Ta buɗe da murmushi, murmushin ya tsaya a inda yake.

Ga Baba nan a kan baƙar riga, da gemu baƙi wuluk. Gira ma baƙa. Ba ko silin furfura ɗaya.

"Innalillahi!" ta ce, ta dafe kai da hannu biyu.

Nan take ta gane abin da ta yi, kuma ganewar ta fi kuskuren ciwo. Shekara tara tana buga aiki a kan farar takarda. A takarda ba wanda yake buga fari. Duk inda kake son fari sai ka bar wurin fili, takarda ta cike maka. Hannunta ya saba da hakan har ta daina ganin fari a matsayin launi. To riga ba takarda ba ce. Inda ta bar fili, launin rigar ne ya leƙo, su kuma masu gasar a kan baƙa suke fara nuna kowane zane.

Oga ya shigo da gudu, ya ɗauka firinta ce ta kama wuta. Da ya ga allon kwamfutar sai ya riƙe ciki.

"Kin yi wa tsoho rini! Wayyo Allah, kin yi wa Mai Allo rini a gaban duniya!"

"Oga, don Allah ka bari, ba abin dariya ba ne."

Ta rubuta wa masu gasar tana roƙon a bar ta ta gyara. Amsa ta zo cikin ladabi mai ban haushi: sun gode, sun yaba, amma doka doka ce. Ta ɗauki waya da niyyar hana Auta yaɗawa, sai ta tarar bakin alƙalami ya bushe. Auta ba ta da jinkiri a irin wannan. Zanen ya shiga zauren dangi na waya, ya shiga na tsofaffin 'yan makaranta, har na masu fentin gidaje ya shiga ta hannun Mai Rola. Ana cikin haka Mama ta kira.

"In kin tashi ki biyo ta gida," ta ce, ta kashe.

Tana tashi ta kama hanyar gida. Mutumin da ya ce ba ta iya zane ba, yau ta ba shi hujja da hannunta, kuma a kan fuskarsa. Ta tarar da Mama a kicin, tukunya tana tafasa ba mai kula ta, ita kuwa ta jingina da bango ta ƙura wa waya ido.

"Mama, kuskure ne, wallahi ban yi don in..."

"Yi min shiru," in ji Mama, ba ta ɗago ba. "Ina kika san shi a haka? Ba a haife ki ba fa."

"Wa?"

"Wannan. Wannan shi ne mutumin da ya zo rubuta allon shagon mahaifina. Aikin kwana biyu, ya yi kwana tara yana yi. Kullum sai ya ce harafi ɗaya ya karkace, ya goge, ya sake. Ni kuma kullum ni ake aike da ruwan sha." Ta ƙyalƙyale da dariya, ta goge gefen ido da bakin mayafi. "Ja'irin mutum. Dubi yadda ya kanne ido, sai ka ce da gaske layi yake aunawa."

'Yar Baba ta saki baki. Ita ta zo a yi mata faɗa ne, sai ga shi ta tarar da uwarta tana kunya kamar budurwa.

"Baba ya gani?"

"Na kai masa, ya kau da kai. Kin san halinsa."

Ai kuwa ta sani. Tana shiga falo ya ɗaga mata hannu tun kafin ta zauna.

"Na ji an ce kin sa ni a waya. Ni ba na duba zane a cikin gilashi, Uwata. Abin da ba zan shafa da hannuna in ji kaurin fentinsa ba, ban san me zan ce a kansa ba. In ya zama abin taɓawa, ki kawo min."

Ta fito ba ta san ko murna za ta yi ko kuka ba. Zanen ba zai zama abin taɓawa ba sai ya shiga goman farko. In bai shiga ba, Baba ba zai taɓa ganinsa ba, akwati ya tafi lungun taga. In kuma ya shiga, zai ga katoɓarar da ta yi da idonsa. Gaba kura, baya sayaki, amma duk da haka ta fi son ya gani.

Kwana biyun farko zanen yana can ƙasa, na tamanin da wani abu, ƙuri'un dangi ne kawai suke riƙe da shi. A rana ta uku wani baƙo, wanda ba ta sani ba kuma ba za ta taɓa sani ba, ya rubuta a ƙarƙashin zanen: "Jama'a, ku danna launukan rigar ɗaya bayan ɗaya ku ga abin mamaki." Ashe a gefen kowane zane akwai 'yan ɗigo-ɗigo na canza launin riga, ita tsabar takaici ko kallonsu ba ta yi ba. Ta danna baƙi, ga Baba saurayi. Ta danna ruwan toka, ga shi magidanci, furfura ta fara shigowa. Ta danna fari, ga Baban da ta baro a falo shekaranjiya. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, aiki ɗaya, shekaru ne kawai suke wucewa ta cikin gemunsa.

Daga nan abin ya ɓarke. Wannan ya ce ya tuna da kakansa kafinta. Waccan ta ce za ta sayi uku ta ba mahaifinta. Wani malamin zane ya rubuta dogon sharhi a kan "zurfin tunanin" mai zanen, wai ta bar lokaci da kansa ya zama launi na huɗu. 'Yar Baba ta karanta ta rufe fuska don kunya. Marasa aikin yi kuma suka gano koriyar riga, suka yi ta yawo da Baba mai koren gemu, Auta ta ce saura kaɗan ta faɗi daga kan kujera. Kafin mako ya ƙare zanen yana cikin biyar na sama.

Masu gasar suka aiko wa goman farko cewa kowa ya rubuta layi biyu a kan yadda tunanin zanensa ya zo masa.

"Ki ce da gangan kika yi," in ji Oga. "Wa ya gan ki? Ni dai ban ga komai ba. Rabin gwanintar duniyar nan ai sa'a ce da aka yi wa kwalliya."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Ƙarya ta ƙi fita, gaskiya kuma ta yi mata nauyi. A ƙarshe ta tura musu: "Mahaifina ne. Shekara arba'in yana rubuta allo da hannu." Ta bar shi a haka.

Ta zo ta biyu. Wanda ya zo na ɗaya kyanwa ya zana sanye da hular mai dafa abinci, kuma duk wanda ya san intanet ya san ba a ja da kyanwa. Oga ya yi ta masifa a madadinta har ya manta da kwastoma a kanta, ita kuwa ko a jikinta. Ranar Alhamis ɗin ƙarshen wata ƙunshi ya iso, riga uku a ciki: baƙa, ruwan toka da fara.

Asabar da hantsi falon Baba ya cika. Akwatin yana kan tebur, an goge shi yana sheƙi, ƙanshin mai yana tashi. Mai Rola ya zo da wankakkiyar riga da jakar da zai sa kayan a ciki. 'Yar Baba ta gaishe da kowa, ta durƙusa, ta shimfiɗa rigunan uku a gefen akwatin.

"Ga shi, Baba. Ya zama abin taɓawa."

Baba ya sa tabarau. Ya ɗauki farar rigar, ya shafa zanen da tafin hannu, ya kai shi kusa da hanci ya shinshina. Ya ajiye, ya ɗauki ruwan tokar. Da ya zo kan baƙar sai ya daɗe.

Auta ce ta kasa haƙuri. "Baba, ka gane hikimar? Ƙuruciya, tsakiyar rayuwa, da tsufa. Har wani babban malami ya ce Yaya ta..."

"Auta, ba ke na tambaya ba." Ya dubi 'Yar Baba ta saman tabarau. "Launi nawa suka ce a yi?"

"Uku, Baba."

Ya sa yatsa yana ƙirgawa. "Rawaya. Ruwan ƙasa. Shuɗi. To, farin fa?"

Ta mayar da ido kan rigunan.

"Uwata, da gangan kika yi?"

Ga ƙofar ƙarya a buɗe. Dubban mutane sun riga sun yarda, Auta tana gyaɗa mata kai, Mai Rola ma yana gyaɗawa ko da yake bai san me ake gyaɗa wa ba. Kalma ɗaya ce kawai. Amma mutumin da ke gabanta ya taɓa sauko da allo guda daga saman bene don harafi ɗaya ya karkace da faɗin farce, kuma ita ce ta riƙe masa tsani a ranar.

"Mantawa na yi, Baba," ta ce. "Na saba da takarda. Na ɗauka fari kyauta ne."

Baba ya dube ta, ya dubi rigar, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya ta kece masa, irin wadda rabon da a ji ta a gidan tun kafin ya rufe akwatin. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Mama ta miƙo ruwa tana cewa ya yi a hankali.

"Kyauta! Fari kyauta! Ke, a sana'armu gwangwanin fari ne yake fara ƙarewa. Ƙofar ƙarfe, baƙin allo, jan bango, wa zai ba ka fari a nan in ba ka zo da abinka ba? Tun da na ɗora ido na san mantuwa ce. Da kin ce min da gangan ne, da na ce madalla, na ninke miki rigunanki."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya cika mata ido. Shi ke nan, ta faɗa a ranta, an gama.

"Matso nan," in ji Baba. Dariyar ta tafi daga muryarsa. Ya ɗora yatsa a kan hannun da ke cikin zanen. "Gemu dai sa'a ce, na bar wa mutanen waya. Wannan fa? Wa ya gaya miki ina dogara ɗan yatsana haka, a karkace, ba a miƙe ba?"

"Ba wanda ya gaya min. Daga ƙasa nake kallo, ina riƙe da gwangwani."

"Yara nawa na koya wa aikin nan, ba wanda ya lura. Mahaifiyarki ma, kwana tara tana kawo min ruwa, ba ta lura ba."

"Ni ba yatsa nake kallo ba," in ji Mama.

Falon ya kwashe da dariya, Auta ta ɓoye fuska a bayan mijinta. Baba ya yi kamar bai ji ba, amma kunnensa ya ji. Ya juya wurin Mai Rola.

"Kana da fari a mota?"

"Ba na rabo da shi, Baba."

"Ka ji mai sana'a. Ɗauko."

Da aka kawo gwangwanin, Baba ya ɓalle ƙugiyar akwatin, ya bi buroshin da yatsa, ya zaro wani matsakaici mai jan mariƙi. Ya miƙa hannu zai jawo baƙar rigar, sai Mama ta riga shi, ta fizge ta ta rungume a ƙirji.

"Kar wanda ya taɓa min wannan. Ku je ku yi gyaranku a wata."

"Ke, ni fa ina nan da raina."

"Kana nan. Amma wannan ba ya yi min mita."

Baba ya girgiza kai, ya jawo ruwan tokar, ya sa kwali a cikinta, ya ja yadin da hannu biyu har ya miƙe. Hannuwan suna rawa, amma sun riƙe. Ya nuna wa 'Yar Baba buroshin da haɓa.

"Ɗauki. Wanda ya yi ɓarna shi yake gyara. Mayar min da gemuna."

Rabonta da riƙe buroshi tun tana makaranta. Ta tsoma shi a fenti, ta goge gefe ɗaya a bakin gwangwani kamar yadda ta ga ana yi sau dubu. Layin farko ya fita a karkace, ta ji zufa tana bin bayanta. Ta ja numfashi, ta matso da kujera, ta sake kai hannu. Wannan karon layin ya tafi sumul, ya bi gefen kumatu ya sauko. Ta yi na biyu, ta yi na uku, falon ya ɓace mata, ba ta jin komai sai tafiyar gashin buroshi a kan yadi. Sai da ta kai ƙarshen gemun ta ɗago, ta ga Baba ba gemun yake kallo ba. Hannunta yake kallo. Ta duba, sai ga ɗan ƙaramin yatsanta a dogare da rigar, a karkace, kuma ba ta san lokacin da ya sauka ba.

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Ta tashi ta wanke buroshin, ta matse shi, ta gyara masa baki da yatsu, ta mayar da shi gurbinsa. Ta rufe akwatin, ta tura shi gaban Baba da hannu biyu.

"Ina za ki kai min?" ya ce. "Ni na gama nawa. Ɗauki kayanki."

Ta jawo akwatin gabanta. Baba ya juya wurin surukinsa, da alamar nauyi a fuskarsa, don bai saba tashin maganar da ya yanke ba. "Kai kuma, ka yi haƙuri, na yi maka alkawari..."

"Baba, wallahi ka sauke min kaya," in ji Mai Rola, har da ajiyar zuciya. "Tun ranar da ka faɗa nake tsoron abubuwan nan. Wancan siririn, in na yi atishawa ma sai ya karye."

Duk da haka Baba ya sa aka sake buɗe akwatin, ya zaro mafi faɗi a ciki, wanda yake shafe fuskar allo da shi kafin rubutu, ya ba shi, ya ce wannan zai iya da lungun taga. Mai Rola ya karɓa da hannu biyu, ya sa shi a ƙatuwar jakarsa shi kaɗai.

Da la'asar 'Yar Baba ta fito, akwati a rungume. Ta baro Mama a ɗaki tana ninke baƙar riga tana sa ta can ƙasan kayanta, ruwan tokar kuma tana rataye a jikin taga tana shan iska. Farar Baba ya riƙe, wai zai gwada ko ta yi masa. Ta kai bakin ƙofa ke nan ta ji muryarsa daga falo.

"Uwata! Kar ki bar su su kwana da fenti!"

"Na sani, Baba," ta ce.

Ba ta juyo ba, don fuskarta ta jiƙe sharkaf, hannuwanta biyu kuma suna riƙe da akwati.